Wutar Da Ba A Kallo

Gidanmu ba a gudun wuta. Maƙera ne mu, a wani ƙauye da ke kan dutse tsakanin Buza da Tama, kuma tun ina rarrafe nake ganin Baba yana ɗaukar garwashi da yatsu ya mayar cikin wuta, ko busa hannu ba ya yi. Ranar salla maƙeran garinmu kan yi wasa, su fito da ƙarfe ja wur su goga a hannu da kumatu, har da masu lasa da harshe. Duk wanda ya ƙone a ƙauyukan da ke kewaye, yaro ne ya faɗa wa tukunyar kunu ko mace ce wuta ta kama wa zane, wurin Baba ake kawo shi ya yi tofi, ya shafa abin da zai shafa. Mu mata ma da ba ma riƙe masaba, an hana mu cewa wayyo in tartsatsi ya faɗo mana. Abin kunya ne a ga ɗan gidan ya kau da fuska daga wuta.

Yayana shi ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa yi masa magana baki da baki ba. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, Uwata yake ce mini, don haka ina iya faɗa masa abin da ko sarkin garinmu ba zai iya ba. Tun ina yarinya ni ce bakinsu. Suna zaune a rumfa ɗaya, tsakaninsu bai fi taki biyu ba, amma sai an kira ni daga wurin daka don in ce wa Yaya ya ƙara zuga.

Da yaƙi ya zo aka ɗauki Yaya soja. Can da suka ji maƙeri ne sai suka sa shi wurin gyaran motoci, ya koyo haɗa ƙarfe da wutar inji, abin da yanzu kowa ke kira walda. Bayan yaƙi ya dawo, bai zauna ƙauye ba, ya kama aiki a garejin masu gyaran hanya a Madawa. Ni lokacin a can nake aure, da goyo a baya, sai ya sauka a zaurenmu. Labari ya kai wa Baba cewa ɗansa na aiki fuska a rufe da wani abu mai kama da faifai, Baba kuwa ya ce a gaban mutane wanda ke ɓoye wa wuta fuska ya bar sana'ar gidanmu. Maganar ta ci Yaya ƙwarai. Ya gaya mini abu ɗaya yake so, Baba ya zo ya ga aiki guda daga farko har ƙarshe, sannan ya faɗa ko ƙira ce ko ba ƙira ba. In ya ce ƙira ce, zai zauna a nan ƙasarmu ta Adar. In ya ce ba ita ba ce, zai bi motoci zuwa kurmi, ba kuwa zai waiwayo ba.

Aikin da ya samu shi ne tankin ruwa. Garejin yana kan tudu, ruwa kuma jakuna ke hawo da shi daga rijiyoyin fadama, a zuba a tsofaffin tano, wato gangunan ƙarfe na mai, waɗanda kullum ɗaya ke yoyo ɗaya ke wari. Shugaban garejin, wani mutumin Dahome mai yawan gumi, ya ce a yi musu babban mazubi ɗaya kafin zafi ya kama.

Ni ke kai wa Yaya fura da hantsi, kuma in faɗi gaskiya ba tausayinsa ne ke kai ni ba. Ina son gani ne. Ni mutum ce mai tambaya, mijina har cewa yake da ni za a iske a kabari, mala'iku ne za su gaji. Kwanakin farko ban ga wuta ba sam, sai Yaya tsugune yana zane a ƙasa da tsinke, ya share da tafin hannu, ya sake. Na ce masa in duba ya koma yi ya faɗa mini in kawo masa mata.

Ya ce, "Ke dai ba ki da dama. Zamna ki gani."

Ya nuna mini zane biyu, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya kewayayye. Mai kusurwa ya fi sauƙin yi, don fallayen ƙarfen da mota ta kawo shimfiɗaɗɗu ne, sai dai a yanka a haɗa. Amma ya ce ruwa in ya yi yawa turi yake, shimfiɗaɗɗen bango kuwa sai ya yi ciki, ya ja ɗinkin kusurwa har ya tsage. Kewayayye kuma ko'ina turin ɗaya ne. Na ce ni ban taɓa jin ruwa ya ture ni ba sai na kwari da damina. Sai ya ɗauki wani tsohon gwangwani ya huda shi da ƙusa sama da tsakiya da ƙasa, ya cika shi da ruwa. Hudar sama ɗiga take kawai, ta ƙasa kuwa sai da ta jiƙa mini ƙafa. Ya ce shi ya sa fallen da ya fi kauri zai tafi gindi, na sama kuma ko siriri ya isa. Na daɗe ina juya gwangwanin nan. Shekara da shekaru ina ɗaukar tulu, ban san ruwan ƙasa yana ɗauke da na sama ba.

Ba su da injin lanƙwasa ƙarfe. Sai suka kwantar da wani kututturen gawo, a ɗora falle a kai, lebura biyu su taka gefe, Yaya yana bi da guduma kaɗan kaɗan, yana gwadawa da wani katako da ya sassaƙa kamar baka. Wannan kam ƙira ce tsantsa, har tsayuwarsa da yadda yake cije leɓe irin na Baba ne. Ya yanka faifan gindi, ya huda inda famfo zai zauna, ɗan sama da gindin don laka ta kwanta ƙasa kada ta bi ruwa. A murfin ya bar ƙofar da mutum zai iya shiga wanki, da wani ɗan bututu mai lanƙwasasshen wuya. Na tambayi amfaninsa, ya ce hanci ne, in ruwa na fita dole iska ta shiga, in ba haka ba tankin zai shaƙe ya lotsa.

Ana cikin haka Baba ya iso. Ni na aika masa, ta bakin masu kawo albasa kasuwa, na ce in bai zo ba to tsoron wutar Madawa yake. Na san abin da ke tayar da shi. Ya zo a kan jakinsa, da ƴar jakar fatarsa ta magani, ya ce kasuwa ya zo sayen tsohon ƙarfe. Washegari ya biyo ni gareji ba tare da na ce masa mu je ba.

Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa wa iska. Sannan ya zagaya fallayen, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kasa kunne, ya shafa lanƙwasar da tafin hannu. Ya tsaya gaban injin, wani ƙaton abu a kan ƙafafun mota, da igiyoyi biyu baƙaƙe suna fita daga cikinsa.

"Uwata, tambaye shi, ina gawayin?"

Na juya na tambaya, ko da yake Yaya na nan tsaye yana ji.

"Ki ce mai babu gawayi. Mai injin ka sha, shi haihi wuta, ta biyo igiya."

"To ina zugazugin?"

"Babu."

"Wuta ba iska, ba gawayi." Baba ya ɗauki ɗaya daga cikin sandunan waldar, siririya mai rufi kamar an tsoma ta a toka, ya shinshina, ya kankare da farce. "Wagga hwa?"

"Ita ka narkewa ta cika tsakani."

Na lura da fuskar Baba a lokacin, ba fushi ne a cikinta ba. Fuskar da nake yi ce a kan gwangwani. Mutumin da ya yi shekara sama da hamsin yana haɗa ƙarfe da ƙarfe da dukan masaba, an ce masa ga wata hanya da ba a duka, yaya za a yi ya ƙi son gani?

Kafin a tada inji Yaya ya ɗauko abin rufe fuskar, yana da guda biyu, ya miƙo mini ɗaya. Kwali ne mai tauri da mariƙi, da ɗan baƙin gilashi a tsakiya wanda ko rana ka duba ta ciki sai ka gan ta kamar ƙwandala.

"Ki ba shi. Ki ce mai wagga ba wutag gawayi ta ba. Ba hannu taka ci ba, ido taka ci, kuma ba a jin ta sai ta gama."

Na faɗa kamar yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba. Leburori sun bar aiki suna kallo, har da direbobi biyu da mutumin Dahome. Baba ya dubi kwalin, ya dube su, ya mayar da hannuwansa baya.

"Ni za a ba hwaihwai in ruhe huska awa amarya? Ce mai wutad da za ta kore ni ba a hura ta ba tukuna."

Na ce, "Baba, ko don ni ka riƙe."

Ya ce, "Uwata, ke riƙe."

Yaya ya ƙi tada inji. Ya sa aka kawo zana aka kafa tsakanin wurin aikin da inuwar da Baba ya zauna, sannan ya fara. Ni na riƙe kwalin na leƙa, kuma har yau ban ga abin da ya fi wannan ba ni mamaki ba. Da farko duhu ne ƙirin, sai ya ƙyasta sandar a jikin ƙarfe, wani ɗan haske kore ya tashi, a ƙarƙashinsa ga ƙarfe ya zama ruwa, ɗan tafki bai fi ƙwayar wake ba, yana bin hannun Yaya duk inda ya ja shi. Ƙarar kamar ana suyar ƙosai. Bai ɗinke gaba ɗaya ba, ɗigo ɗigo ya fara yi nesa da juna, don ya ce zafi na jan ƙarfe, in ka bi layi ɗaya tun farko sai fallen ya murɗe. Da ya tsaya ya bubbuga da ƴar guduma, ɓawo baƙi ya faɗo, ga ɗinki a ƙasa yana ƙyalli, jere kamar kitso.

Ranar farko Baba ya zauna bayan zana, sai dai duk sanda aka kashe inji ya taso ya duba ɗinkin, ya tsinci ɓawon ya murtsuke, ya ce wannan dai kashin maƙera ne, ya san shi. Ya sa na tambayi abin da ya sa ɗinkin gindi ake bi sau biyu, ciki da waje. Da na kawo amsa ya gyaɗa kai. Ran nan Yaya ya ci tuwo mai yawa.

Rana ta biyu aka zo dogon ɗinkin da ya kewaye gindi. Yaya ya ce wannan ba ya son yawan tsayawa, don duk inda aka tsaya aka sake kamawa nan yoyo ke neman hanya. Ya durƙusa ya rufe fuska. Ni kuma ɗiyata ta tashi da kuka, na juya baya na ba ta nono, na lulluɓe mu da zane saboda hasken. Abin da ban yi tunani ba, mai walda makaho ne, ban da ɗan tafkin nan ba ya ganin komai, ƙarar inji kuma ta toshe masa kunne. Da na ɗaga zane sai na ga inuwa biyu a jikin bango. Baba ya zagayo zanar, ya tsuguna dab da kafaɗar Yaya, ido buɗe, yana bin sandar da kallo. Leburori na ganinsa, ba wanda ya iya hana shi, wasunsu ma sha'awa abin ya ba su. Na yi ihu, inji ya haɗiye muryata. Sai da na je na ja rigar Yaya.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba. Ɗinkin dai ya kusa kewayowa.

Baba ya miƙe yana murmushi, hawaye na zuba ta gefen idonsa, ya ce hayaƙi ne. Ya ce mini, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Na gane ta, Uwata. Ruwa yaka yi ma ƙarhe, shi tura shi gaba. Hannu nai bai rawa ko kaɗan." Sannan ya ɗaga murya don leburori, ya ce ga shi ya kalla, me ya same shi? Yaya ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Da asuba na iske Baba zaune a bakin zaure, idanu sun kumbura sun rufe, ruwa na bin gemunsa. Ya ce kamar an zuba masa yashi. Ya riga ya yi wa kansa tofi, ya shafa duk abin da ke jakarsa, ba wanda ya yi. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, har na ce masa wanda ake kai wa ƙonannu yau ga shi a hannuna. Na shiga ɗaki na tatsi nono a ludayi, na zo na ɗiga masa, muka yi kamar ba mu san daga inda ya fito ba. Yaya ya kawo maganin ɗigawa daga wurin likita da tsumma mai sanyi, ya ajiye a gabana ya fita. Ya ce mini a waje ya sha ganin haka a soja, kwana biyu ne ya wuce.

Kumburin kuwa ya wuce. Baba ya buɗe ido, ya ci abinci, ya ce garau yake. Bai koma gareji ba sai ranar gwaji.

Gwajin ma abin kallo ne. Yaya ya shafe ɗinkin waje da farar ƙasa, ya shiga ciki ya bi shi da kananzir, ya ce kananzir ya fi ruwa iya satar hanya, in akwai huda ko ta kai bakin allura sai tabo ya fito a farin. Tabo ya fito wuri ɗaya kusa da famfo, ya kankare ya sake ɗinkewa. Aka wanke, aka shafe cikin da ruwan siminti saboda tsatsa, aka ɗora tankin a kan gindin da magina suka yi da baƙin dutsen Adar. Jakuna suka yi ta hawa da sauka tun safe har la'asar. Yaya yana zagayawa yana shafa ɗinki da bayan hannu, bai sami ko danshi ba. Mutumin Dahome ya buɗe famfo ya tara kai.

Baba ya zo ya dafa tankin, ya bi ɗinkin gindi da yatsa tun daga inda ya fara har ya kewayo. Yaya ya matso ya durƙusa, yana jira. Ni ma ina jira a ba ni saƙo in kai. Sai Baba ya juya fuskarsa gefe, wajen motoci, ya tsaya haka tsawon lokaci, bai ce ƙira ce ba, bai ce ba ita ba ce. Daga nan ya ce in kawo masa jakinsa.

Na raka shi har bayan gari, raina a ɓace. Na ce masa yaro ya yi aiki irin wannan, kalma ɗaya ta gagara? Ina magana yana kallon gonaki, sai na ƙara hasala, na ce ni ma yau an daina duba na ke nan.

Ya ce, "Ke nika duba."

Na tsaya. Ya gaya mini tun da kumburin ya sauka, duk abin da ya sa wa ido sai wani baƙin tabo ya zauna a kai. Gefe yana gani, tsakiya babu. In yana son ganin fuskar mutum sai ya kau da kai ya sato ta ta wutsiyar ido. Na ce to ƙira fa? Ya ce maƙeri da launin ƙarfe yake aiki, shi kuwa yanzu in ya dubi ƙarfe a wuta tabo zai gani, ƙanenmu zai riƙe masaba. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin wani. Har ya ƙara da cewa abin da ke ba shi mamaki, wuta ce ba ta taɓa fata ba, ba ta bar tabo a waje ba, ta yaya ta shiga? Ya so in tambayo masa wurin Yaya.

Na ce, "To maganar da Yaya ka jira hwa?"

Ya ce in zai faɗi ƙira ce gaban mutanen nan muryarsa za ta karye, shi ya sa ya yi shiru. Ya hau jakinsa ya ce, "Ce mai ƙira ta. Sauran kuma ke san yadda za ki yi da shi."

Na iske Yaya a zaure yana cusa kayansa cikin jakar soja. Ya ce ya ga amsarsa, mutumin ko dubansa bai iya yi ba. Na zauna a bakin ƙofa na rasa ta inda zan fara, don saƙon ba ya rabuwa biyu. In na ce masa Baba ya ce ƙira ce, zai tambayi dalilin kau da kai, ni kuwa ban iya yi masa ƙarya ba.

Na ce, "Yaya, ya ce ƙira ta. Kuma ba kau da kai yay yi ba. Kallonka yaka yi, haka yaka gani yanzu."

Ya tsaya da riga a hannu. Na ga murnar ta fara zuwa fuskarsa, sannan sauran maganar ta iske ta a hanya. Ya zauna a kan jakar. Bai tafi kurmi ba, a Madawa ya yi sauran rayuwarsa, kuma duk ranar kasuwar garinmu yakan hau dutse ya je ya zauna a rumfar maƙera, can gefen hagu inda idon Baba ke kamawa.